Darasin Mako: Na'urar Awon Jini da Baƙinmu Masu Juna Biyu

  

Darasinmu na wannan Juma'a a kan baƙin da ke cikinmu ne, wato matan da tashin hankali ya koro daga Borno, Zamfara, Katsina da Sakkwato suka sauka nan Legas, wasu da tsohon ciki. Katin awo ya tsaya a gida, uwa da ungozomar da aka saba da su suna can nesa, ga rashin jin Yarbanci ko Turanci. Irin wannan baiwar Allah sai ta kai wata tara ba a taɓa auna jininta ba.

Mene ne haɗarin?

Hawan jini na ciki yakan taso ne bayan ciki ya wuce mako 20, kuma sau da yawa mace ba ta jin komai. In ya yi ƙarfi yana taɓa ƙoda, hanta da ƙwaƙwalwa, yana rage jinin da ke isa ga jariri. Ƙarshensa shi ne jijjiga, wadda wasu ke kira taune-taune. Da yawanmu in mun ga haka sai mu ce iska ce, a tsaya hayaƙi da tofi har lokaci ya ƙure. A yi addu'a, amma a yi ta a kan hanyar asibiti, domin akwai allurar da ake tsayar da jijjiga da ita, sunanta magnesium sulphate. A kuma sani ciwon yana iya tasowa bayan an haihu, har zuwa wajen mako 6, wato duk cikin kwanakin jego.

Lambobin da za a haddace

Na'urar awon jini mai batir, wadda ake samu a kemis, tana nuna lambar sama da ta ƙasa. In ta nuna 140 a sama ko 90 a ƙasa, ko fiye, a huta kaɗan a sake. In ba ta sauka ba, a ga ma'aikacin lafiya a ranar. In ta kai 160 a sama ko 110 a ƙasa, babu jiran gari ya waye, sai asibiti nan take. Haka kuma in akwai ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, ko ciwo a saman ciki ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko kumburin fuska da hannu farat ɗaya, a tafi ko da lambar ta yi kyau.

Yadda ake aunawa

Ta zauna shiru minti 5, ta jingina bayanta, ƙafafu a ƙasa. A ɗaura a damtse, a ɗora hannun a kan wani abu daidai da ƙirji. Ban da hira lokacin awo, ban da goro ko kofi rabin awa kafin nan. A auna sau biyu, a rubuta da kwanan wata. Mai babbar waya ta ɗauki hoton lambar ta tura wa nas ta WhatsApp, mai ƙaramar waya ta tura saƙo.

Ba mu muka fara ba. A sansanin Bidi Bidi na ƙasar Uganda, wanda aka buɗe a 2016 domin 'yan gudun hijirar Sudan ta Kudu, an koya wa masu aikin lafiya na cikin jama'a amfani da wata na'ura mai suna CRADLE. Tana kunna fitila kore, rawaya ko ja, don haka ko wanda bai yi boko ba ya san lokacin da za a garzaya asibiti.

Abin da ya rage mana

Na'ura dai lamba kawai take nunawa. Ba ta ba da izini, ba ta biyan kuɗin Keke. Don haka magidanta, ku ba da izinin zuwa asibiti tun yanzu, kada mace ta zauna jiran mijin da ke kasuwa ko ya tafi lodi Arewa. A ajiye kuɗin mota a ɗaki, da lambar mai abin hawan da zai amsa kira da dare. Awon gida kuma ba ya maye gurbin zuwa awo, wanda tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi aƙalla sau 8. Kada a sha maganin hawan jinin wani, domin akwai waɗanda ke cutar da jariri.

Iyayenmu mata na Islamiyya, ku da kuka daɗe a garin nan, kowacce ta riƙi baƙuwa ɗaya: ta raka ta yankar kati, ta yi mata tafinta. Mun san yadda Ansaru suka karɓi Muhajirai a Madina, wannan namu rabon ne daga irin wannan aiki. Wanda ke da na'ura a gida kuma zai iya ba da aro, ko mai niyyar saya wa ɓangaren mata sadaka, ya ga sakatare bayan salla.

Allah Ya sauki matanmu lafiya, Ya mayar da zaman lafiya garuruwanmu. Amin.

Sakataren Masallaci