Zuwa ga Ƴaƴana da ke Sanam: Maganar Carbi

Ƴaƴana,

Yaya aiki, yaya zafin Kurfey, yaya kuma haƙuri da hanya? Ku gaishe mini da masu gidajen da kuke haya, da maƙwabtan da ke aiko muku da tuwo da fura.

Ku Kirista ƴan kaɗan ne a can, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Wannan malamin lakwal ne, waccan tana aikin likita, wancan soja, wani kuma ya biyo kawunsa fatauci daga Dogon Dutsi. Daga Filinge zuwa Yamai kilomita wajen 180 ne, Sanam kuwa tana can gaba, kuma tun da aka kafa dokar ta-ɓaci a yankin Abala a 2017, mutum ba ya kama hanya don kawai ransa ya so. Sai Lahadi ta bi Lahadi ba ku ji Misa ba, ba ku karɓi Jikin Almasihu ba. Shi ya sa nake so mu yi maganar carbin nan da iyayenku mata suka cusa muku cikin jaka ranar da za ku taso, wanda na tabbata a wurin wasunku har yau yana nan inda aka sa shi.

Rosari, wato addu'ar da ake yi da carbin nan, ba ya tsayawa a madadin Misa, kuma babu wani Fada da zai ce muku haka. Amma addu'a ce da aka yi ta daidai da halin da kuke ciki, domin tun asalinta ta waɗanda ba su da littafi ce, ba su da malami a kusa. Sufaye a gidajen ibadarsu sukan rera Zabura 150 da harshen Latin. Manomi da maƙeri da ba su iya karatu ba sai su ce Ubanmu sau 150, suna ƙirgawa da ƙulli a igiya. Tun kafin su ma, a ƙarni na 4, akwai wani mai ibada a hamadar Masar, Bulus na Ferme, da ke tara tsakuwa 300 a rigarsa, in ya gama addu'a guda ya jefar da ɗaya. Daga baya gaisuwar Maryamu ta shigo cikin ƙirgen. Al'ada ta jingina carbin ga Waliyyi Dominik, wanda ya rasu a 1221, amma masana tarihi sun nuna cewa a hankali abin ya haɗu, hannu da yawa suka taɓa shi, har Fafaroma Piyus na Biyar ya daidaita tsarinsa a 1569.

Cikin masu hannun nan akwai wanda ba a cika ambatonsa ba, alhali a ganina shi ya kawo ran abin. Wani sufi ne a birnin Trier na ƙasar Jamus a ƙarni na 15, shi ma sunansa Dominik, ana ce masa na Furusiya. Shi ya riƙa liƙa wa kowace gaisuwa ɗan guntun labari daga rayuwar Yesu, don kada baki ya yi ta tafiya zuciya tana barci. Daga irin wannan ne asirai suka fito, na farin ciki da na baƙin ciki da na ɗaukaka, sannan a watan Oktoba na 2002 Fafaroma Yohanna Bulus na Biyu ya ƙara biyar na haske, suka cika 20. Fafaroma Bulus na Shida kuwa ya riga ya faɗa tun 1974 cewa rosarin da babu tunani a cikinsa gangar jiki ce da rai ya fita.

To a nan ne yawancinmu muke faɗuwa. Na sha zama cikin jama'a ana jan carbi kamar ana tsere da hadari, mai ja bai rufe baki ba masu amsawa sun kai rabi, a ƙare gaba ɗaya babu wanda zai iya gaya maka wane asiri aka yi na uku. Ubangiji da kansa ya yi kashedi a kan yawan surutu a addu'a, a Matiyu sura 6, kuma ƴan'uwanmu na wasu ikilisiyoyi da ke jifanmu da wannan ayar suna da gaskiya duk lokacin da muka yi irin wannan ja. Inda suka kuskure shi ne zaton da suke yi cewa maimaitawar ce laifin. Ku dubi mai jan ruwa a rijiyoyinku masu zurfi: hannunsa ya san igiya, ba ya ƙirga kamu, saboda haka hankalinsa yana da sararin zuwa inda ya ga dama. Aikin ƙwayoyin nan ke nan. Yatsa ya riƙe lissafi, harshe ya riƙe kalmomin da ya sani tun yana yaro, ita kuwa zuciya a sake ta ta je Nazarat ko Kana ko Golgota ta zauna ta duba.

Ga yadda nake so ku gwada. In kun ambaci asiri, kada ku faɗa cikin Ubanmu nan take. Ku yi shiru gwargwadon numfashi uku ko huɗu. In akwai Littafi Mai Tsarki a kusa, ku karanta wurin, ko da aya biyu ce. Sannan ku zaɓi abu guda a cikin labarin ku tsaya a kansa har ƙwayoyi goma na wannan asirin su ƙare. A ce ranar Litinin ce, kuna kan ziyarar Maryamu ga Alisabatu. Yarinya ce da ƙaramin ciki, da wani al'amari a kanta wanda ba ta san yadda dangi za su ɗauke shi ba, amma ta tashi da hanzari ta nufi ƙasar duwatsu don ta taimaki tsohuwar da ke wata na shida. Ke da ke karɓar haihuwa a Sanam da fitilar salula, ba ki buƙatar wani malami ya fassara miki wannan. Ranar Alhamis ga bikin Kana, inda Maryamu ce ta fara lura abin sha ya ƙare, kafin masu gida su ji kunya a gaban baƙi. Talata da Juma'a ga lambun Getsamani, inda Yesu ya roƙi abokansa uku su yi tsaro tare da shi, barci ya kwashe su. Sojan da ya taɓa kwana a bakin aiki yana sauraron kowane motsi na daji ya san wannan daren fiye da ni. Hankali zai gudu, tabbas, ya tafi wurin albashin da bai zo ba, ko wata yarinya a Yamai. Ba zunubi ba ne. Ku kamo shi ku dawo da shi, kuma wurin da ya fi sauƙin kamo shi shi ne sunan Yesu da ke tsakiyar kowace gaisuwa. Ku ɗan rage gudu in kun iso nan.

Wanda gajiya ta ci ƙarfinsa, goma guda da natsuwa ta fi masa hamsin da gyangyaɗi. Wannan ra'ayina ne, na san akwai tsofaffin mata a Yamai da za su harare ni a kansa.

Akwai mutumin da ya gwada wannan addu'a a jiharku ta Tilaberi fiye da yadda kowannenmu zai so a gwada shi. Fada Pier Luigi Maccalli, ɗan Italiya na ƙungiyar mishan ta SMA, yana aiki a Bomoanga cikin ƙasar Gurmawa, ƴan bindiga suka ɗauke shi a daren 17 ga Satumba 2018. Sai 8 ga Oktoba 2020 aka sake shi a Mali. Shekara biyu ke nan Fada bai yi Misa ba, ba littafi, ba bagade, wani lokaci da sarƙa a ƙafa. Da bakinsa ya ba da labari cewa ƙyalle ya samu ya ƙuƙƙulla ya mai da shi carbi, da shi yake addu'a kullum a cikin rairayi. Bai ce carbin ya tsinke sarƙa ba. Ya yi kuka, ya tambayi Allah dalili, ya daɗe bai ji amsa ba. Abin da ya fito da shi shi ne zuciyar da ta iya yafe wa samarin da suka tsare shi, waɗanda da yawansu sa'o'inku ne. In kuna son sanin abin da rosari ke yi wa mutum, ga shi nan.

Na kawo wannan ne da gangan, saboda wata ɗabi'a da nake gani. Wasu sun mai da carbi laya. A rataya a madubin mota, a sa a wuya ƙarƙashin kaki, a tura ƙarƙashin matashi, ba a taɓa ja ba, ana jiran ya kare harsashi. A ƙasar da kowa ya san guru da kambu, ba abin mamaki ba ne, kuma tsoro ba abin dariya ba ne. Amma koyarwar Ikilisiya a fili take: albarkar da Fada ya sa wa carbi roƙo ne ga Allah domin mai amfani da shi, ba wani ƙarfi ne da aka ɗura cikin roba ko katako ba. Ku ɗauke shi a jikinku, babu laifi, in dai yana tuna muku ku yi addu'a. Wanda ya dogara ga ƙwayoyin kansu ya koma ga abin da aka yi masa baftisma don ya bari.

Sai maganar maƙwabta. Kuna zaune cikin mutanen da carbi ba baƙonsu ba ne. Dattijon da ke gaban shagonsa da tasbaha bayan la'asar, da masu zaman wazifa da magariba, sun san abin da ake nufi da ambaton Allah har zuciya ta kwanta, wataƙila fiye da yawancin Kiristocin Turai na yau. Kuma Nana Maryamu tasu ce su ma: sura ta 19 ta Alƙur'ani sunanta take ɗauke da shi, ita ce kaɗai macen da aka ambata da suna a cikinsa. Saboda haka in aka gan ku da carbi aka tambaya, kun sami ƙofar hira mai kyau. Sai dai tambayar da za ta biyo baya ita ce ko bauta mata kuke yi, kuma dole ku san amsa. Sujada ta Allah ce shi kaɗai. Maryamu halitta ce, girmama ta muke yi, muna roƙonta ta yi mana addu'a, kuma Ikilisiya ta bambanta girmamawa da bauta a rubuce tun taron Nikiya na biyu a 787. Da taron Afisa ya kira ta Uwar Allah a 431, ba cewa ya yi ta riga Allah ba; magana ce a kan ɗanta, cewa wanda ta haifa Allah ne da ya zama mutum. A daidai nan muka rabu da ƴan'uwanmu Musulmi, su suna cewa Annabi Isa manzo ne. Kada ku shafe wannan bambanci don neman shiri, ƙarya ce, kuma malamin kirki zai raina ku a kanta. Kada kuma ku mai da shi abin musu a bakin kasuwa. Ku faɗi naku da ladabi, ku saurari nasu, a sha shayi.

Za ku ci karo a intanet da masu kiran rosari makami, suna ta ambaton Lepanto. Gaskiya ne idin rosari na 7 ga Oktoba ya samo asali daga yaƙin teku da aka yi a can a 1571 tsakanin jiragen ƙasashen Kirista da na Daular Usmaniyya, ba za mu goge tarihi ba. Amma masu wannan zance yawanci suna zaune ne inda ba su da maƙwabci Musulmi ko ɗaya. Mu da muka ga Janairun 2015, lokacin da aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai, mun kuma ga Musulmin da suka buɗe ƙofofinsu suka ɓoye Kirista. Cikin asirai 20 ɗin nan babu ko ɗaya da aka ci wani da yaƙi. Akwai dai wanda aka yi wa bulala, aka gicciye, yana roƙa wa masu kashe shi gafara. In za ku sa niyya kafin ku fara, ku sa sunan garin da kuke ciki, da masu gidanku, da waɗanda aka raba da ƙauyukansu, da sojojin da suka faɗi kusa da Sanam ranar Kirsimetin 2019, ba tare da tambayar addinin kowa ba.

Abu na ƙarshe, ku riƙa haɗuwa. Ko ku uku ne, ku tsai da lokaci ranar Lahadi a ɗakin ɗayanku, ku karanta Bisharar ranar, ku ja carbi tare, kowa ya ja goma. Ba sai da lasifika ba, ba kuma sai kun rufe taga kamar masu laifi ba. Ku gaya wa mai gida abin da kuke yi tun kafin ya ji daga bakin wani. Ku zaɓi harshen da zuciyarku ke ji, Hausa ko Zabarmanci ko Faransanci. Masu bin rosari ta salula, ku kashe sauran saƙonni tukuna, in ba haka ba WhatsApp ne zai ja muku goma ta uku. Duk wanda hanya ta kawo shi Yamai, ya fara da neman Fada ya yi ikirari ya karɓi Jikin Almasihu kafin zagayen dangi, babbar majami'armu ta Notre-Dame du Perpétuel Secours tana nan inda kuka bar ta.

Wanda nasa carbin ya tsinke ko ya ɓata, ya aiko mini da saƙo ta hannun mai zuwa, zan ba direban motar Filinge wani ya kawo. Kafin ya iso, yatsunku goma ne.

Naku,
Babanku, tsohon katekis,
Yamai