Hakkin Ɗan Ƙodago a Kwanakin Tsada

Karatu: Littafin Firistoci 19:13, Maimaitawar Shari'a 24:14-15, Irmiya 22:13-17, Yakubu 5:1-6

Cikin dokokin da Ubangiji ya ba Isra'ila ta hannun Musa akwai wadda ba a cika yin wa'azi a kanta ba. An umarci duk wanda ya ɗauki ɗan ƙodago aiki ya sallame shi a ranar, tun rana ba ta faɗi ba, ko shi ɗan ƙasa ne ko baƙo. Dalilin da aka bayar shi ne talaucin mutumin: abincin gidansa na wannan dare yana cikin kuɗin. In aka riƙe masa, zai kai kuka gaban Allah, kuma za a lasafta abin zunubi a kan mai riƙewar.

'Yan'uwa, bari mu auna kwanakinmu da wannan doka. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. A watan Yuni 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar Amurka da take kusan naira 460 a hukumance ta wuce 1,500 a 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamba 2024. Daga baya abin ya lafa, wasu kayan abinci ma sun ɗan sauka, amma kuɗin mota, da haya, da magani, da kuɗin makaranta ba su koma inda suke ba.

Ma'aikatan gwamnati suna da ƙungiyoyin ƙodago masu yi musu magana, shi ya sa a Yuli 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000. Sai dai dokar ba ta shafi wurin da ma'aikata ba su kai 25 ba, ko masu aikin jinga, ko masu ƙodagon gona na damina. Magini, da kafinta, da lebura, da tela, da mai gadi, da yarinyar da take aiki a gida, babu mai zama teburin shawara dominsu. Wanda yake yanke musu lada shi ne mai ba su aiki. Sau da yawa kuwa mu ne, ko kwamitin gini na ikilisiyarmu.

A nan ne dokar Musa take kama mu ta inda ba mu zata ba. A lokacin da farashi yake zaune, wanda aka jinkirta masa biya ya sha wahalar jira ne kawai. A shekara irin 2024, jinkiri kansa ragi ne. Kafintan da ya gama kujerun majami'a a kan naira 100,000, aka ce ya yi haƙuri sai bayan godiyar kaka, in ya jira wata shida, kuɗin da zai karɓa ba za su sayi fiye da abin da wajen naira 86,000 suke saya a dā ba. Babu wanda ya sa hannu a aljihunsa, duk da haka an ɗauke masa kusan naira 14,000. Haka yake ga wanda har yanzu yake biyan lebura kuɗin yinin 2022, alhali shi kansa ya ƙara wa kayan shagonsa kuɗi sau da dama. Ya cika yarjejeniya a baki, amma kwanon da lebura yake aunawa a kasuwa ya ragu.

Irmiya bai ji nauyin sarki Yehoyakim a kan wannan ba. Sarkin yana gina fada da katakon al'ul, masu aikin kuwa ba a ba su komai ba. Annabin ya tuna masa da mahaifinsa Yosiya, wanda ya tsaya wa matalauta, ya kuma nuna cewa sanin Ubangiji ke nan. Yakubu ma ya kwatanta ladan masu girbi da aka danne da abu mai murya, wanda ƙararsa take kaiwa kunnen Ubangiji Mai Runduna.

Akwai masu wa'azin da suke ɗauko Haggai 1:6, inda aka yi zancen albashi mai zubewa ta hudar jaka, su ce wa talakawa tsadar nan horo ce domin sun rage baiko. Wannan fassara ba ta yi wa nassin adalci ba. Aya ta 4 ta nuna mutanen da annabin yake tsauta wa suna zaune cikin gidaje masu ado, Haikali kuwa kufai. Gwauruwar da ta koma cin abinci sau ɗaya a yini ba ta cikinsu.

Wani zai ce, ai mai ba da aikin ma yana kuka, baikon Lahadi kuma bai kai na dā ƙarfi ba. Gaskiya ne. Amma Yesu ya riga ya koya mana a Luka 14:28 cewa mai gini yakan fara zama ya yi lissafi. In kuɗin ba su isa a biya ma'aikaci daidai kuma a kan lokaci ba, a rage girman aikin ko a ɗaga shi, kada a gina bango da bashin wanda ya fi mu rashi. Dattawa su duba littafin ma'aji a zamansu na gaba, su ga sunan wa yake jiran biya, da kuma shekarar da aka yi wa mai gadi da mai bisharar ƙauye ƙarin ƙarshe.