Tsarkiyar Tsohon Baka

Ba na nufin in koya wa kowa a cikinku harbi, domin a ajin nan akwai maharba da 'ya'yan maharba, akwai kuma waɗanda ke rataya kwari kowace Sallah su bi Sarki cikin ayarin 'yan baka, kuma duk wanda ya san cewa maharban Shehu Usmanu ne suka karya dawakin Gobir a Tabkin Kwatto cikin 1804, shekara biyar kafin almajirinsa Malam Yakubu ya kafa garin nan na Bauchi, ya san baka ba abin wasan yara ba ne. Abu ɗaya kawai ya kawo ni, wata mummunar al'ada ce wadda na ga ta yi ɓarna da idona: ɗaura wa tsohon baka waya a madadin tsarkiya. Kada ku yi haka, ko da wayar kyauta aka ba ku.

Wani maƙwabcina a wajen Ƙofar Wunti ya gaji baka daga mahaifinsa, baka baƙi wuluk don shan mai da gumin hannu, wanda ya fi maigidan kansa shekaru. Ana jajiberin Babbar Sallah ya sauko da shi daga rataya, sai ya tarar ɓera ya cinye tsarkiyar saura ɗan guntu. Maimakon ya nufi wajen dukawa, sai ya aiki yaro wajen mai gyaran keke aka karɓo masa wayar burki, ya zauna a tsakar gida kan turmi yana ɗaurawa, matarsa kuwa tana gefe tana tankaɗe.

Ta ce, "Malam, anya kuwa? Ni dai ban taɓa ganin Baba ya sa wa bakan nan ƙarfe ba."

Ya ce, "Ke dai ki ji da garinki. Wannan ai har jikokina ba za ta tsinke ba, ɓera kuma sai dai ya bar haƙoransa."

Mahaifiyarsa da ke kan tabarma tana jan carbi ba ta ko ɗaga kai ba, ta ce, "Kai ɗan nan, ba tsinkewarta ake ji ba."

Bai saurara ba. Ya kira yaran su zo su ga aiki, ya ɗana kibiya, ya auna gindin gwandar da ke bakin rijiya, ya ja har kunne, ya saki. Sai muka ji ƙas! daga zaure. Ƙarshen bakan na sama ya tsage, wayar ta zabga masa a tsintsiyar hannu har jini, tsagin itacen kuma ya tashi ya yanki ƙaramin ɗansa a gira, tsakaninsa da ƙwayar ido bai kai faɗin yatsa ba. Kaji suka watse, gari ya zube, uwar ta suri yaron tana salati, tsohuwa ta ajiye carbi ta tsince gutsattsarin bakan mijinta ɗaya bayan ɗaya ta ƙulle a bakin zane, ba ta ce uffan ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, kafin Sallah ta kewayo, na sake ganin mutum biyu a layinmu da irin wannan waya a bakansu, alhali kuwa da su aka kai yaron asibiti.

To, ga hikimar abin. Idan kibiya ta fita, ba ta tafiya da dukkan ƙarfin da aka ja, akwai saura da yake komowa kan baka, kuma tsarkiyar fata, saboda tana ɗan miƙewa kamar jijiya, ita ce take shanye wannan saura a hankali. Amma waya, da yake ba ta da sassauci ko kaɗan, sai ta tsaya cak ta jefa dukan gaba ɗaya a ƙarshen itacen da ya riga ya bushe shekara da shekaru yana shan hunturun Bauchi. Ƙarfin nan da ake yabon waya da shi, shi ne aibinta. Hatta a Amurka da Ingila, masu tsofaffin bakuna zaren Dacron suke ɗaura musu domin yana miƙewa, suna guje wa sababbin zaruruwa marasa miƙewa, waɗanda aka san suna tsaga ƙarshen tsohon baka.

Abin da ya dace kun san shi. A sami fatar akuya wadda ba a jeme ba, ba sai an shiga Yankari neman ta gada an jawo wa kai hukunci ba, a yanke ta zagaye-zagaye ta zama tsiri ɗaya dogo babu gami, a jiƙa, a murɗa, a rataya ta a inuwa da dutse a ƙasanta har ta bushe, sa'an nan a shafe ta da man kaɗe. Da damina fata takan saki, saboda haka wasu sun fi son zaren moɗa da aka tufka da kyau, kuma babu laifi. Idan an ɗaura, a dunƙula hannu a kan mariƙin baka a miƙe babban yatsa: in ya taɓa tsarkiya, tsawonta ya yi daidai. In mutum bai sami fata ko moɗa ba, ya haƙura da hawan bana. Kada ya sa waya.

Game da itacen kuwa, da yawa daga cikin bakunan zamani da ake shigowa da su gida uku ne, mariƙi da reshe biyu masu kwancewa, kuma in reshe ɗaya ya lalace biyun ake sakewa tare domin ƙarfinsu ya zo ɗaya. Namu sanda ɗaya ce, ba ta karɓar gami, ba ta karɓar ƙusa, ba ta karɓar naɗin roba. In ta tsage, an gama harbi da ita, sai a rataye ta don tunawa da mai ita. A sari dargaza miƙaƙƙiya wadda ba ta da gaɓa ko ramin ƙwaro, a bar ta ta bushe a inuwa wata da watanni, a riƙa fere ta kaɗan kaɗan ana gwadawa har sama da ƙasa su lanƙwasa daidai. Bayan an dawo daga fita a sassauta tsarkiya, kada kuma a ja baka a saki babu kibiya.

Maƙwabcin nawa ya saro dargazarsa tun da kaka, tana can jingine a ɗakin tsohuwa tana bushewa, ita ce kuma ta aika wa baduku da fatar akuyar da aka yanka a gidan, ta ce in an gama murɗa tsarkiyar a kawo hannunta.