Mi ya sa zomo yake gurnani?

1. Mu karanta

Ranar Litinin da safe, wata yarinya ƴar aji huɗu ta zo makarantarmu ta Gangara da yatsa ɗaure da tsumma. Na tambaye ta:

— Mi ya same ki?

— Malam, zomanyata ce ta cije ni.

Yara suka fashe da dariya. Wani ya ce: «Ashe zomo ma yana cizo?» Ita kuwa ba ta yi dariya ba. Idonta ya cika da hawaye. Ta ce:

— Kakata ce ta ba ni ita. Da, har a hannuna take cin dusa. Amma tun ran Juma'a, in na sa hannu cikin ɗakinta sai ta kwantar da kunnuwa, ta yi «gur, gur», ta zaburo. Jiya ta cije ni. Baba ya ce ta zama muguwa, gobe za a yanka ta. Ni kuwa ƴaƴanta nake jira in sayar, in sayi littafi da takalmin salla.

— Yaushe aka haɗa ta da namiji?

Ta ƙirga da yatsu, ta ce yau kwana 28.

Da la'asar na tafi gidansu. Na yi sallama, muka gaisa da mahaifinta, ya kai ni bayan rumbu inda ɗakin zomanyar yake. Muka tsaya daga nesa, ba mu yi magana ba. Can sai ga ta da busasshiyar ciyawa cike da baki, tana kaiwa lungu, tana komowa. Na ce:

— Maigida, wannan ba mugunta ba ce. Ciki gare ta, sheƙa take yi. Don Allah a yi mata haƙurin mako ɗaya.

— To, Malam, tunda ka ce haka, mun ji. Amma in ta ƙara cizo fa?

— Ba za ta ƙara ba, in dai an bar sa mata hannu a lungun nan.

Ranar Alhamis da safe, yarinyar ta shigo aji da gudu, tana haki:

— Malam! Ta haihu! Guda shida!

Da an yanka zomanyar ran Talata, da zomo bakwai aka yi hasara.

2. Zomon daji da zomon gida

Yara, zomo iri biyu muka sani. Akwai zomon daji, wanda karnuka suke kora cikin gonaki bayan an cire amfani. Akwai kuma zomon gida, wanda muke kiwo. Sun yi kama, amma ba iri ɗaya ba ne, ba su kuma haihuwa da juna. Da faransanci sunan zomon daji lièvre, sunan zomon gida lapin.

Zomon daji ba ya gina rami. Ƴaƴansa suna zuwa duniya da gashinsu, idonsu buɗe. Zomon gida kuwa asalinsa daga ƙasashen Sipaniya da Fotugal yake, can Turai. Fiye da shekara 2000 da suka wuce, Rumawa suna tsare zomaye cikin shinge don nama. Kakanninsa cikin ramu suke zaune. Ƴaƴansa ana haihuwarsu tsirara, ba gashi, ido rufe. Sai sun yi wajen kwana 10 suke buɗe ido. Saboda haka uwa take tsaron wurinta ƙwarai.

Zomo ba shi da ƙaho, ba shi da ƙarfin faɗa da kare. Maƙiyansa suna da yawa: kare, kyanwa, shaho, maciji. Dabbar da ake farauta ba ta son a ji inda take. Shi ya sa zomo ba ya kuka kamar akuya, ba ya cara kamar zakara. Yawancin lokaci shiru yake. In kuwa kun ji ya yi gurnani, to akwai dalili.

3. Dalilan gurnani

Dalili na farko: tsaron wuri. Zomo ya san ɗakinsa, ya san kaskon abincinsa. Ƙarƙashin haɓarsa akwai wani wuri mai fitar da wari wanda mu ba mu ji. Yana goga haɓa ga kasko da ƙofa, kamar yana cewa: «Wannan nawa ne.» In baƙon zomo ya shigo, ko hannu ya shigo ba zato, sai ya yi gurnani. Mace ta fi namiji tsaron wuri. Shi ya sa masu kiwo suke kai mace ɗakin namiji, ba su kai namiji ɗakin mace. In an kai shi wurinta, tana iya ji masa ciwo.

Dalili na biyu: ciki da jego. Cikin zomanya wajen kwana 31 ne. In haihuwa ta matso, tana tara ciyawa, ta tuge gashin ƙirjinta da na cikinta ta shimfiɗa. A lokacin nan ko mai ba ta abinci tana yi masa gurnani. Bayan ta haihu, sau ɗaya ko biyu take shayar da ƴaƴanta a kwana, na ɗan mintoci kaɗan, sa'an nan ta koma gefe. Kada ku ce ta ƙi su. Haka halinta yake, don kada ta nuna ma maƙiyi inda suke.

Dalili na uku: tsoro. Idanun zomo a gefen kai suke. Yana ganin dama da hagu, da sama, har da bayansa. Amma abin da ke daidai bakin hancinsa ba ya ganinsa sosai. In kun miƙo hannu farat ɗaya ta gaban hancinsa, sai ya firgita. In kun sauko da hannu daga sama, gani yake shaho ne ya kawo sura. In akwai wurin gudu sai ya gudu. In babu, sai gurnani, daga nan sai yakushi ko cizo.

Dalili na huɗu: balaga. Zomo yana balaga tsakanin wata 4 da wata 6. Namiji mai neman mace yana zagaya ta, yana wani ɗan gurnani mai taushi, «hum, hum». Wani lokaci har ƙafafun mai shi yake zagayawa. Wannan ba fushi ba ne. Amma maza biyu da suka balaga, in an bar su ɗaki ɗaya, gurnaninsu na faɗa ne. Sai a raba su.

Dalili na biyar: ciwo. Zomo yana ɓoye ciwonsa, don a daji mara lafiya ake fara kamawa. In zomo mai sanyin hali ya soma gurnani duk lokacin da aka taɓa shi, ba shi da ciki, ba a kuma sāke masa wuri ba, to a duba jikinsa da kyau: kunnuwa, tafin ƙafa, ciki da haƙora.

4. Kunne ya ji, ido ya duba

Jin gurnani kaɗai ba ya isa. Sai mun dubi jikin zomon, mu gane abin da yake nufi.

Gurnani, kunnuwa kwance a baya, wutsiya a miƙe: ya yi fushi. Ku janye hannu.

Gurnani mai taushi da zagaye: yana murna, ko yana neman mace.

Buga ƙasa da ƙafafun baya: ya ji ko ya ga abin tsoro, yana gargaɗin ƴan'uwansa. Ku duba ko kare ko kyanwa na kusa.

Goga haƙora a hankali, ido lumshe, lokacin da kuke shafa masa goshi: yana jin daɗi.

Goga haƙora da ƙarfi, yana takure a lungu, ya ƙi abinci: yana jin ciwo mai tsanani.

Ƙara mai ƙarfi kamar ta jariri: ya ji tsoron mutuwa ko babban ciwo. Ku je da sauri.

Akwai kuma wata ƙara da ba gurnani ba ce. Zomo ta hanci yake numfashi. In kun ji hancinsa yana «kur, kur» duk lokacin da ya ja numfashi, yana atishawa, majina tana fita, gashin ƙafafunsa na gaba ya jiƙe don yawan share hanci, to mura ce ta zomaye. Tana yaɗuwa, tana kuma kisa. A ware shi daga sauran, a nemi ma'aikacin kiwo. Haka nan zomon da ya wuni bai ci ba, bai yi kashi ba, kada a jira gobe.

5. Yadda za mu zauna lafiya da zomonmu

Mu yi masa magana a hankali kafin mu buɗe ƙofa.

Mu kawo hannu daga gefe, inda yake ganinmu.

Kada mu ɗauke shi da kunnuwa. Hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya ya tallabe bayansa, mu haɗa shi da jikinmu. Ƙashin bayansa ba shi da ƙwari. In ya yi harbi a sama yana iya karyewa.

Kada mu buge shi don ya yi gurnani. Duka tsoro yake ƙara masa, tsoro kuma ya ƙara cizo.

Mu share ɗakinsa lokacin da ya fita, ko lokacin da yake cin abinci a wani gefe.

Mu sa ma mai ciki akwati ko tsohuwar tukunya da busasshiyar ciyawa tun kwana na 28, mu bar ta ta huta.

Mu ba shi ciyawa, harawar wake, ganyen gujiya, dusa kaɗan, da ruwa mai tsabta kullum. Haƙoransa ba su daina tsiro, tauna ciyawa ce take rage su.

Mu kare shi daga zafi. Zomo yana wahala in zafi ya wuce digiri 30. A nan jihar Maraɗi kuwa, cikin watannin Afrilu da Mayu, zafi yana wuce digiri 40. Sai a sa ɗakinsa a inuwar bedi ko ƙarƙashin rumfa, inda iska take shiga.

In zomo ya cije mu, mu wanke wurin da ruwa da sabulu, mu gaya ma manya. In ciwon ya yi zurfi ko ya kumbura, a tafi gidan likita.

6. Abin da za mu riƙe

Zomo dabba ce mai shiru. Yana gurnani don tsaron wurinsa, ko don ciki da jego, ko tsoro, ko balaga, ko ciwo. Gurnani gargaɗi ne kafin cizo. Mai kiwo na kirki yana saurare, ya duba, ya nemi dalili.

7. Kalmomi

Gurnani: ƙarar da dabba take yi daga maƙogwaro.
Zomanya: macen zomo. Jam'i: zomaye.
Sheƙa: wurin da tsuntsu ko zomanya suke shiryawa don ƴaƴansu.
Jego: lokacin da uwa take shayarwa bayan haihuwa.

8. Tambayoyi

a) Mi ya sa zomanyar yarinyar ta sāke hali?
b) Mine ne bambancin ƴaƴan zomon daji da na zomon gida?
c) Don mi ake kai mace ɗakin namiji?
d) Yaya za ku bambanta gurnanin fushi da ƙarar mura?
e) Hausawa sun ce: «Zomo ba ya fushi da makashinsa, sai da maratayinsa.» Ku tambayi iyayenku ma'anar wannan karin magana, ku kawo wani mai sunan zomo a ciki.

9. Lissafi

a) An haɗa zomanya da namiji ranar 3 ga Maris. Wace rana za a sa ran haihuwarta? Wace rana za a sa mata akwati?
b) Zomanya ta haihu sau 4 cikin shekara, kowane karo ƴaƴa 6. Guda 5 suka mutu. Nawa suka rage?

10. Aiki

Ku je gidan wani mai kiwon zomaye a unguwarku, da safe ko da marece, lokacin da zomaye suka fi motsi. Ku yi sallama, ku nemi izini. Ku zauna shiru na minti 15, kada ku taɓa kome. Ku rubuta kowace ƙara da kuka ji, da yadda kunnuwan zomon suke a lokacin. Ku zana shi. Ranar Litinin kowa zai karanta ma aji abin da ya gani.