Takardar kira: aikin ƴan juri a Amurka

A ƙasarmu, idan ana shari'ar gona ko ta gado, alƙali yakan zauna tare da dattawan da suka san al'ada, su ba shi shawara. A Amurka akwai wani tsari dabam. Can, wanda ake tuhuma da babban laifi yana da haƙƙin a kawo mutane daga cikin jama'a, yawanci 12, su saurari shari'arsa. Su ne za su ce ya yi laifin ko bai yi ba. Ba sai sun yi karatun shari'a ba. Cikinsu akwai manomi, da direba, da malamar lakkol, da mai sayar da burodi. Ana ce musu ƴan juri. Wannan haƙƙi yana rubuce cikin tsarin mulkin ƙasar, kuma gyaran da aka yi masa a 1791 ya ƙara ƙarfafa shi.

Yadda ake samo su

Kowace jihar Amurka tana da tata doka. Mu za mu duba kotunan gwamnatin tarayya, waɗanda ke bin wata doka ta 1968. Ana ɗebo sunaye daga jerin masu jefa ƙuri'a, sau da yawa har da jerin masu izinin tuƙin mota. Ba a duba arziki ko dangi. Kamar mutum ne ya rufe ido ya ɗebo gyaɗa cikin kwando.

Sai mutum ya cika sharuɗɗa. Ya zama ɗan ƙasa. Ya kai shekara 18. Ya yi shekara guda yana zaune a yankin kotun. Ya iya Ingilishi, ji da karatu da rubutu. Kada kuma a ce an taɓa ɗaure shi saboda babban laifi, sai fa in an mayar masa da haƙƙoƙinsa. Sojoji da ƴan sanda da ƴan kwana-kwana da ke bakin aiki, ba a sa su.

Wanda sunansa ya fito, za a aiko masa da takardar kira. Cikinta an rubuta rana da lokaci da wurin da zai je.

Ranar zuwa kotu

Aikin farko shi ne jira. Mutane da yawa suna zaune cikin babban ɗaki. Wasu ma har a tashi ba a bukace su ba, sai su koma gida, sun sauke nauyinsu.

Waɗanda aka shigar gaban alƙali, ana yi musu tambayoyi. Ka san wanda ake tuhuma? Ka san wani daga cikin shaidu? Ka riga ka yanke hukunci cikin zuciyarka? Wanda aka ga ba zai iya yin adalci ba, sai a sallame shi. Wannan ba abin kunya ba ne. Waɗanda suka rage su yi rantsuwa.

Daga nan sai saurare. Ɗan juri ba ya zancen shari'ar da kowa, ko da matarsa ce. Ba ya bincike cikin jarida ko intanet. Abin da aka faɗi da abin da aka nuna cikin kotu, shi kaɗai zai duba. Alƙali yana yi musu bayanin doka. Bayan an gama, su shiga wani ɗaki su kaɗai, su rufe ƙofa, su yi shawara. Kafin a ce mutum yana da laifi, sai bakinsu ya zo ɗaya, su duka 12. In sun kasa daidaitawa, ana iya sake shari'ar da wasu ƴan juri. Yawanci alƙali ne ke faɗin horon da za a yi wa mai laifi.

Tun daga 2018, kotun tarayya tana biyan ɗan juri dala 50 kowace rana, da kuɗin mota. Ku lura, dalar Amurka ake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Doka kuma ta hana maigida ya kori ma'aikacinsa don ya tafi wannan aiki.

Wanda ya ƙi amsa kira

Mu ɗauka maƙwabta biyu sun samu takardar kira rana guda. Na farko direba ne, mahaifiyarsa tana kwance a asibiti. Ya rubuta wa kotu, ya faɗi uzurinsa. Aka ɗage masa zuwa wani wata. Na biyu mai sayar da burodi ne. Ya ce: «Ni ba ni da lokaci.» Ya jefa takardar cikin kwandon shara, ya yi shiru.

Me zai same shi? Kotu tana iya sake kiransa, amma wannan karo don ya tsaya gaban alƙali ya faɗi dalilin da ya hana shi zuwa. In ba shi da dalili mai ƙarfi, dokar tarayya ta ba alƙali iko ya ci shi tara har dala 1000, ko ya tsare shi har kwana 3, ko ya sa shi aikin taimakon jama'a. Yana ma iya haɗa masa su. A da tarar dala 100 ce, a 2008 aka ƙara ta. A Faransa ma, inda ƴan juri ke zama a shari'ar manyan laifuffuka, wanda ya ƙi zuwa ba da uzuri ba ana iya cin shi tarar yuro 3750.

Su biyun nan duk suna da abin da ya sha musu kai. Bambancinsu ɗaya ne: wannan ya amsa, wancan ya yi shiru. Kotu tana jin uzuri, amma sai an faɗa mata.

Me ya sa doka ta tsananta?

Ku tuna da mutumin da ke zaune a kotu ana tuhumarsa. Wataƙila ya yi laifin, wataƙila ƙage aka yi masa. Ƴancinsa yana hannun mutum 12. In masu gaskiya duk suka zauna gida, wa zai saurare shi? In kuma mutane iri ɗaya kaɗai ke zuwa, shari'a za ta karkata. Shi ya sa a 1975 kotun ƙolin Amurka ta ce bai halatta a ware mata daga jerin da ake ɗebo ƴan juri ba. Wanda ya ƙi zuwa yau, gobe yana iya zama shi ne mai neman a saurare shi.

A nan gida ma, wanda alƙali ya kira don ya ba da shaida, wajibi ne ya je. In takardar kira ta zo gidanku, da Faransanci aka rubuta ta, ku karanta wa iyayenku, ku nuna musu ranar da wurin.

Tambayoyi

1. Su wa ake ce ma ƴan juri? Mene ne aikinsu?
2. Ku faɗi sharuɗɗa uku da mutum zai cika kafin a kira shi.
3. Me ya sa aka hana ɗan juri zancen shari'a a gida?
4. Wane horo ke jiran wanda ya ƙi amsa kiran kotun tarayya?
5. Mene ne bambancin direba da mai burodi?

Aiki

Ku rubuta gajeriyar wasiƙa zuwa ga alƙali, da Hausa sannan da Faransanci. Ku faɗi uzurin da ya hana ku zuwa, ku roƙi a sa muku wata rana.