Wa Ya Kamata Ya Shiga Tsakani a Rikicin Iyaka?

Da hutun damina na je gida Runka, na tarar kawuna da maƙwabcinsa ba sa ga maciji a kan iyakar gona. Gambar da ta raba gonakin ta mutu, kowa ya ce nan nasa ya tsaya. Aka kawo wani dattijo ya sasanta su, sai maƙwabcin ya ce bai yarda ba, don dattijon surukin kawuna ne. Ni na san mutumin kirki ne, amma kirkinsa bai yi amfani ba tun da ɗaya ya ƙi shi.

Da na dawo makaranta muka karanta rikicin Bakassi tsakanin Nijeriya da Kamaru, sai na ga ashe manyan ƙasashe ma haka suke. Bakassi wani yanki ne a bakin teku, mai arzikin kifi da man fetur. Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya a 1994, kotu ta ba ta gaskiya ran 10 ga Oktoba, 2002, bisa yarjejeniyar da Ingila da Jamus suka yi a 1913.

To, jama'a, nan ake yin ta. Gwamnatin Nijeriya ta yi ƙorafi cewa shugaban kotun, Gilbert Guillaume, Bafaranshe ne, ga kuma alƙalai daga Ingila da Jamus, wato ƙasashen da suka yi mulkin mallaka a wurin. Ko alƙalan sun yi adalci, zancen surukin kawuna ne ya dawo. Hukunci ya fito, amma sojojinmu ba su motsa ba.

Wanda ya kwance ƙullin shi ne Kofi Annan, Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya. Mutumin Gana ne, ƙasarsa ba ta da iyaka da kowannensu, ba ta kuma neman komai a Bakassi. Ya haɗa Shugaba Obasanjo da Shugaba Biya a Janeba a Nuwamban 2002, aka kafa hukumar haɗin gwiwa, aka ba Ahmedou Ould-Abdallah na Muritaniya shugabancinta. A ganina babbar dabararsa ita ce bai taɓa hukuncin kotu ba, kuma bai kunyata Nijeriya ba. Ya bar ta ta janye a hankali, da alkawarin kare masuntanmu da ke zaune can.

Abin da ya fi ba ni mamaki, ranar da aka sa hannu a yarjejeniyar Greentree a Amurka, 12 ga Yuni, 2006, shaidun su ne Faransa da Ingila da Jamus da Amurka. Waɗanda aka zarga a kujerar alƙali, an yarda da su a tabarmar shaida, don suna da ƙarfin da zai hana a saɓa alkawari. An miƙa Bakassi gaba ɗaya ran 14 ga Agusta, 2008.

Kawuna kuwa, an aiko mini cewa dagaci ya tura wani manomi daga wata unguwa ya auna gonar, surukin nan ya tsaya shaida, an sake dasa gamba.