Yadda ake cire layin gefe daga siffa a CorelDRAW

Duk wanda ya ja murabba'i ko da'ira a CorelDRAW, manhajar da shagunan buga katin biki da bana suke aiki da ita a Kano da Kaduna, zai ga wani baƙin layi siriri ya kewaye siffar. Manhajar ce ke sa shi da kanta. A fuskar kwamfuta da ƙyar ake lura da shi, amma da zarar an buga katin a takarda mai sheƙi, sai ga shi ya zagaye furanni da tambari kamar an bi su da biro. Cire shi ba wuya, in ka san inda za ka danna.

Kowace siffa abu biyu gare ta, launin ciki da layin gefe, kuma kowanne zaman kansa yake. Maɓallin hagu na linzamin kwamfuta shi ke kula da ciki, na dama kuma da gefe. In ka riƙe wannan, sauran mai sauƙi ne.

Da farko ɗauki kibiyar zaɓi ka danna siffar, har ƙananan baƙaƙen murabba'ai takwas su bayyana kewaye da ita. Sannan duba jerin launuka da ke dama da allo. A can sama akwai akwati fari mai alamar X, wanda ke nufin babu launi. Ɗora linzami a kansa ka danna maɓallin dama. Layin ya tafi. In ka kuskure ka danna hagu, launin ciki ne zai ɓace. Ctrl da Z za su dawo maka da shi. Wanda ya fi son madannai sai ya danna F12, akwatin alƙalamin gefe ya buɗe, ya je wajen kaurin layi ya zaɓi None. In siffofin suna da yawa, Ctrl da A za su zaɓe su gaba ɗaya.

Kada ka yi dabarar da masu koyo da yawa ke yi, wato mayar da layin fari. A kan farin shafi za ka ɗauka ya tafi, alhali yana nan. Ranar da ka ɗora tambarin a kan kore ko shuɗi, farin zobe zai fito fili. Rage kaurinsa ma ba cirewa ba ne.

Wani lokaci za ka danna dama, layin ya ƙi tafiya. Galibi a tambarin da aka turo maka ake cin karo da haka, domin an riga an mayar da layin siffa mai zaman kanta, baƙa, a kwance ƙarƙashin ta sama ko kewaye da ita. In siffofin a haɗe suke, warware haɗin da Ctrl da U, danna baƙar siffar ita kaɗai, ka goge ta. Haka kuma siffar da ba ta da launin ciki, in ka cire mata gefe, za ta ɓace wa ido ko da yake tana nan. Shiga View ka zaɓi Wireframe, za ka gan ta.

In ka gaji da cirewa kullum, tabbatar ba ka zaɓi komai ba, sannan ka danna dama a kan akwatin X. Manhajar za ta tambaye ka ko ta sauya tsarin takardar. Ka amince, sabbin siffofi su riƙa fitowa babu layi. Sai dai ka sa musu launin ciki haka nan, don kada ka riƙa zana abin da ba ka gani.

A manhajar Inkscape, wadda kyauta ce, jerin launuka a ƙasa yake: riƙe Shift ka danna X da ke farkonsa. A Illustrator kuwa, danna harafin X har akwatin gefe ya dawo gaba, sannan ka danna alamar /.

Wuri ɗaya ne zan ce ka dakata. In injin yanka na leza za a kai aikin, tambayi mai injin tukuna, domin injuna da yawa wannan siririn layin suke bi su yanka.